Tarwada ɗari takwas a tanki huɗu: iri ne ko abinci?

5 Oktoba 2024

Toh bismillah, yau na zuba kifin. Abun da ya jawo wannan aikin gardama ce tsakanina da Kawu tun kamun watan Yuli, lokacin da kifina suka yi wata shida cur amma da ƙyar suke taɓa gram 600. Shi yace abincina ne ba kyau, ni nace irin da aka sayar min ne ya gaji, muka yi ta yi har bayan isha'i kowa ya kafe. Ƙarshe nace Kawu a bar wa sikeli ya raba mu.

Tankin tamfol huɗu na kafa a bayan gidansa, kowanne tarwada 200, duk wajen gram goma goma. Na 1 da na 2 irin nan kusa da mu ne, wajen mutumin da na saba saya, wanda na san shekaru yana ɗaukar iyaye daga cikin 'ya'yan da shi ya ƙyanƙyashe, wa ya bi ƙanwa ɗa ya bi uwa. Na 3 da na 4 daga nesa na sa aka kawo min, wajen wani da yake musanyar maza da wasu gonaki. Duka tarwada ce zalla, da gangan ban ɗauko haɗin tarwada da ramboshi ba, don wannan kamar a sa doki tsere da jaki ne. Abinci kuma kala biyu, 1 da 3 na buhu na kamfani, 2 da 4 haɗin gida: soyayyen waken suya, ƙuli-ƙuli, masara, ɗan garin kifi, garin ƙashi, gishiri da garin bitamin. Ruwa ɗaya daga bohol ɗaya. Ƙanina shi ne mai ba su abinci in ina wajen aiki, na ba shi littafi nace ko cokali ɗaya ka zuba ka rubuta.

19 Oktoba

Awo na farko, ashirin ashirin daga kowane tanki. 1: gram 26, 2: 21, 3: 28, 4: 22. Ba wani abun magana tukuna.

Amma bari in faɗi dalilin da yasa nake rawar jiki a kan waɗannan satittikan na farko, don ƙanina yana ganin kamar na cika fitina. Tsoka dai kamar igiya take, sili sili ne aka haɗa. Igiya tana kauri ta hanya biyu, ko kowane sili ya yi kauri ko a ƙara yawan silin. Rago da sa da mu kanmu, kusan da adadin silinmu ake haihuwarmu, duk kiwon da za ka yi wa ragon layya kaurin silin kawai kake ƙarawa da kitse. Kifi irin tarwada ba haka yake ba, shi yana ci gaba da ƙirƙiro sabbin sili bayan ƙyanƙyasa har ya yi girma sosai, shi yasa kifi ba ya tsayawa cak kamar akuya. Sai dai ƙirƙirar sabbin ta fi ƙarfi yana ƙarami, yana girma tana raguwa. Kenan in ka yi masa rowa yana ɗan yatsa ka rage masa yawan silin da zai zo ya cika daga baya, ko ka dawo kana ɗura masa abinci a wata na biyar ba lallai ya rama duka ba. Mu kuma akasin haka muke yi, muna tsumulmula a farko wai ai ƙanana ne, sai an kusa sayarwa mu buɗe buhu.

2 Nuwamba

Yau aikin warewa muka yi, kuma na ƙirga. Tanki na 2 saura 187, ba gawa ko ɗaya da muka tsinta, kenan cikin 'yan uwansu suka tafi. Mun ciro shuta huɗu a ciki, wato waɗanda suka zarce sauran girma nesa ba kusa ba, ɗaya gram 140 alhali sauran suna wajen 45, cikinsa tim kamar an hura. Kawu na gani yace yauwa ɗana, irin waɗannan za ka ajiye su zama iyaye, ka ga jinin girma.

Na daɗe ina tunanin maganar nan don kusan kowa haka yake yi. Matsalar ita ce ba ka san me ya sa shi ya wuce sauran ba. Zai iya zama gado ne na gaske, jikinsa ya fi iya mayar da abinci tsoka. Zai iya zama kuma sa'a ce kawai, ya riga su buɗe baki da kwana ɗaya, ya haɗiye ƙaninsa, daga nan ya samu furotin ɗin da ba wanda ya samu, ya ƙara girma ya ƙara haɗiye wani. In na biyun ne to abun da za ka gadar wa 'ya'yansa bai wuce mugun hali ba. A kifayen kiwo da masana suka auna, gado yana ɗaukar kamar kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na bambancin girman da ake gani tsakanin kifi da kifi, sauran duk ruwa ne da abinci da cunkoso da wa ya riga wa. Kashi 20 zuwa 40 ba kaɗan ba ne fa, da shi ake gyara iri, amma ba a kan kifi ɗaya mai cin 'yan uwansa ake gane shi ba. Na jefa su a wani baho daban, Kawu yace shi dai a bar masa biyu, na bar masa.

16 Nuwamba

1: 108, 2: 79, 3: 121, 4: 86.

Yanzu rata ta fara fitowa kuma ta abinci ta fi ta iri. Kawu sai murmushi yake yi yana shafa gemu.

Wani abu da hanci ya gaya min kafin sikeli: ruwan 2 da 4 ya fi saurin wari, kwana ɗaya ya yi zarni. Na zauna na sake lissafin haɗina, a takarda furotin ɗinsa ya kusa na buhu, kusan kashi 40, to ina yake tafiya? Furotin ba abu ɗaya ba ne, ƙananan tubala ne ake jerawa, kuma guda goma a cikinsu jikin kifi ba ya iya ƙerawa dole sai ya ci. Biyu su ne suke ba mu wahala, laisin da metiyonin. Masara ba ta da laisin sosai, waken suya yana da laisin amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, ƙuli-ƙuli kuwa duka biyun ya gaza. Kamar magini ne ka tara masa bulo dubu amma siminti buhu ɗaya, inda simintin ya ƙare nan gini zai tsaya. Ragowar bulon kuma jikin kifi ba ya da sito da zai ajiye su, sai ya farfasa su ya ƙona, ya fitar da amoniya ta matsefin da ke gefen kansa, wani ɓangaren ya koma kitse. Wato zarnin da nake ji kuɗina ne ke fita ta bututu duk safiya. Ban canza haɗin ba duk da na gane, in na canza a tsakiya gwajin ya lalace.

30 Nuwamba

Buhun ƙuli-ƙuli ɗaya ya yi fumfuna daga ƙasa, na zubar da shi gaba ɗaya. Maman yara tace a shanya a ba kaji, nace a'a, gubar fumfunar gyaɗa hanta take bugawa, rana ba ta kashe ta. 1: 172, 2: 124, 3: 198, 4: 137.

14 Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Da asuba na tsoma ma'aunin zafi ya nuna digiri 20, tarwada kuwa 26 zuwa 30 take so. Ka zuba abinci su taso a kasale su ɗan lasa su koma ƙasa su kwanta, rabin abincin yana yawo a sama. Ƙanina ya zaci ciwo ne har yana cewa a sayo magani. Ba ciwo ba ne, kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin ruwan shi ne zafinsa, kuma duk aikin cikin jiki, narkar da abinci da ginin tsoka, in zafi ya sauka da digiri goma yana komawa kusan rabi. Na rage abinci, na mayar da shi ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma, na lulluɓe tankunan da baƙar leda da daddare, kuma muna canza ruwa da sassafe tunda ruwan bohol yana fitowa da ɗan ɗumi.

Cikin satin nan na ga labarin kamfanin AquaBounty na Amurka, mai wani kifi da aka taɓa wa gado don ya yi saurin girma, ya ce ya daina kiwon kifinsa, sai abun ya dace da abun da nake kallo a tankina. Yadda umarnin girma yake tafiya a jikin kifi shi ne, wata 'yar ƙaramar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sakin homon na girma, wato sinadari mai kai saƙo a jiki, ya je hanta, hanta ta saki wani sinadari da ake kira IGF-1, shi ne yake zuwa ya ce wa tsoka gina. In kifi yana cikin yunwa ko sanyi hanta sai ta yi kunnen ƙashi, ko homon ɗin yana nan IGF-1 ya ragu. Wannan fa shi ne dalilin da yasa na ƙi ba wa kaji ƙuli-ƙulin nan kuma na ƙi ba wa kifi, in hanta ta lalace an yanke wayar da ke kai saƙo. Su masu kifin na AquaBounty abun da suka yi, sun ɗauko ƙwayar gadon homon na girma daga wani nau'in kifin salmon da ake kira Chinook, suka haɗa ta da makunnin wani kifin teku mai jure ƙanƙara, suka sa a salmon na Atilantika, sai ya zamana ba ya hutun sanyi, yana kai girman kasuwa cikin kamar wata 18 maimakon kusan shekara uku. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015, aka fara sayar da shi a Kanada a 2017, kuma ga shi duk da haka kuɗi ya gagara. Na gaya wa Kawu yace to ai ko Bature ma abinci ne ya kayar da shi. Ban ce masa komai ba.

28 Disamba

Wuta ta ɗauke kwana uku, janareta ya ƙi tashi, ba mu canza ruwa ba. Tanki na 4 ya rasa 11, na 2 ya rasa 6, na buhu biyun ko ɗaya. Mutane suna cewa tarwada ba ta mutuwa tunda tana shaƙar iska a sama, eh tana shaƙa amma amoniya ba ruwanta da wannan. Raina a ɓace yake, ban yi awo ba.

11 Janairu 2025

1: 285, 2: 210, 3: 330, 4: 228. Sati shida kenan suna tafiyar hawainiya, da a zafi ne da sun ninka.

Tunda ba aiki sai gadi, karatu na koma. Akwai wani abu a jikin dabba da ake kira mayostatin, shi birki ne na tsoka, aikinsa ya ce ya isa haka. A 1997 aka gano shi a Jami'ar Johns Hopkins, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron, suka kashe ƙwayar gadon a ɓera sai ɓeran ya fito da tsoka ninki biyu ko fi. Daga nan aka gane shi ne sirrin shanun nan na Beljiyam masu ƙwanji kamar 'yan dambe, su a halitta birkin nasu ya lalace. Kifi ma yana da shi, har ma yawancin kifaye kwafi biyu ko fi suke da shi kuma ba a tsoka kaɗai yake aiki ba. A Jami'ar Auburn a Amurka sun yanke shi a tarwadar can tasu, ba irin tamu ba ce amma dangi ne, rahoton 2017 ya nuna 'ya'yan sun fi na banza nauyi da kusan kashi 30 kuma silin tsokarsu ya fi yawa. A Japan har kasuwa abun ya kai, a 2021 aka fara sayar da wani jan kifin teku da suke kira madai wanda masu bincike na jami'o'in Kyoto da Kindai suka cire wa birkin, naman da ake ci ya ƙaru da kamar kashi 20.

Abun da ya tsaya min a rai, birkin nan ba a banza aka sa shi ba. Shanun Beljiyam ɗin sau da yawa sai an yi musu fiɗa suke haihuwa don maraƙin ya yi girma da yawa. Tsoka kuma tsada gare ta, tana cin furotin tana cin iskar oksijin. Ka kawo min tarwadar da ba birki ka sa ta a tanki na 2, kan masara da ƙuli-ƙuli da ruwan da wuta ke yanke wa hukunci, da me za ta gina tsokar? Mota ce ka cire wa birki alhali tankin mai ba komai.

8 Fabrairu

Zafi ya fara dawowa, digiri 25 da safe, wlh kamar an canza kifin, suna dukan ruwa har su jiƙa mutum. 1: 430, 2: 325, 3: 520, 4: 365. Wannan ramuwa ce da kifi ke yi bayan ya sha takura, cinsa ya ƙaru girmansa ya yi sauri na ɗan lokaci. Abun lura shi ne na 3 ya fi kowa ramawa. Duk sun sha sanyi ɗaya, 1 da 3 buhu ɗaya suke ci, amma gram 190 ya ƙara a wata ɗaya shi kuma na 1 145. Yau ni ne mai murmushi.

22 Fabrairu

Wani tsohon malamina ya zo ya ga tankunan, ya duba littafin ƙanina ya yaba masa, sannan ya ce min tanki ɗaya ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, kamata ya yi kowane haɗi ya samu uku, don wataƙila na 3 rana ce ta fi samunsa. Na duba kuwa gaskiya ne, shi ne a gefen gabas. Nace Malam aljihun ne bai kai tanki sha biyu ba, ya yi dariya yace to zagaye na gaba ka juya musu wuri.

Mun daɗe muna hira a kan zaɓen iri, kuma nan ne na ga inda irinmu za su iya taɓa gado ba tare da ɗakin gwaji ba. Karfasar nan da ake kira GIFT a 1988 aka fara aikinta a Filifins, cibiyar da yanzu ake kira WorldFish tare da masana daga Norwe. Suka tattaro karfasar daji daga Masar da Gana da Kenya da Senegal, suka haɗa da iri huɗu da ake kiwo a Asiya, suka dinga zaɓar dangin da suka fi girma suna kaucewa haɗa 'yan uwa. Zuriya biyar kawai girman ya ƙaru da kusan kashi 85. Ba allura ba yankan ƙwayar gado, zaɓe ne da rubutu. Kifin kuma namu ne na Afirka aka kai can aka gyara. Mu nan Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka noman tarwada, amma je ka tambayi mai ƙyanƙyasa waye uban waɗannan ka ji. Kuma tsarin namu yana taimaka wa lalacewar, tunda sai an yanka namiji ake samun maniyyinsa, mace ɗaya kuma tana ba da ƙwai dubbai, sai mutum ya cika gonarsa da 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya, baɗi ya ɗauki iyaye a cikinsu.

8 Maris

Azumi takwas. Mun mayar da abinci bayan sahur da bayan la'asar, tsakar rana ruwan yana kai 31 kuma bayan sun ci ne suka fi jan iska, ba na son in haɗa musu biyu. 1: 590, 2: 450, 3: 725, 4: 515. Wasu matan cikinsu ya fara cika.

5 Afrilu

An yi sallah lafiya, yau muka kwashe, wata shida daidai. Matsakaicin nauyi: 1: 760, 2: 590, 3: 940, 4: 680.

A kan abincin buhu irin nesa ya fi na kusa da gram 180. A kan haɗin gida gram 90 kawai ya fi shi. Wato rabin fifikon da ya gada bai ma samu fitowa ba don ba a ba shi kayan aiki ba. In ka duba ta ɗaya gefen kuma, irin kusa ko da na buhu bai kai 800 ba. Kawu yace ka gani abinci ne, nace Kawu dubi 1 da 3 mana, yace shi 3 da 4 yake kallo.

Amma wuƙa ce ta fi ba ni labari. Na yanka biyar biyar masu nauyi kusan ɗaya, wajen gram 700, na cire kai da kayan ciki da ƙashi na auna tsoka zalla. Na buhu suna ba da wajen gram 290, na haɗin gida 255, kuma in ka buɗe cikinsu kitse ne fari fal ya naɗe hanji, hantar ta yi fari fari. Masarar nan ce da ragowar furotin ɗin da bai samu abokin gini ba. Mace ɗaya a tanki na 1 ƙwanta kaɗai gram 85, duk abincin da ya tafi nan bai je tsoka ba. A sikelin dillali duk kilo ne, shi ba ruwansa, amma Hajiyar da take saye tana banda ta ɗaga ɗaya daga na 2 ta matsa bayansa da yatsa tace ɗan nan wannan a wuta zai tsiyaye, ta rage min kuɗi a kansu kuma ban yi musu ba.

Lissafin abinci daga littafin ƙanina: na buhu kilo 1.2 ya ba da kilo ɗaya na kifi, haɗin gida sai 1.9. Haɗin gida kuɗinsa ya ɗan haura rabin na buhu, kenan a kilo ya ɗan fi araha kaɗan, kafin ka sa waɗanda suka mutu da man janareta na canjin ruwa da ragin Hajiya.

12 Afrilu

Na ware 30 daga tanki na 3, mata 20 maza 10, ba mafi girma duka ba, na bi masu faɗin baya da ƙaramin kai waɗanda tun farko suke tafiya tare da jama'a. Mazan ba zan haɗa su da matan nan ba, na yi magana da wani mai gona zai ba ni nasa in ba shi nawa. Shutan Kawu biyu suna nan a baho, ɗaya ya haura kilo biyu, yace shi ma zai gwada nasa mu ga 'ya'yan wa za su fi, na yarda da sharaɗin abinci ɗaya ruwa ɗaya kuma ƙanina ne mai littafi. Haɗin gida zan rage masara, in cire rabin ƙuli-ƙulin in ƙara garin kifi, sannan in sayo laisin da metiyonin na gari wajen masu kayan kaji. Wata na farko kuma na buhu zalla kowa zai ci. An wanke tankuna an shanya, na 3 ya koma yamma na 2 ya dawo gabas. Janareta yana wajen mai gyara, yace Talata.